Digirin aikin jin daɗin jama'a na ƙasa da ƙasa: a tafi waje ko a yi a gida?

Tambaya: Na gama sakandare, kiredit ɗina sun cika. Na ga wasu jami'o'in Turai suna bayar da digirin farko a wani kwas mai suna International Social Work, ni kuma burina in yi aiki da ƙungiyoyin agaji ko Majalisar Ɗinkin Duniya. Me ake koyarwa a ciki? Ya fi Social Work ɗin da ake yi a nan gida? Mahaifina ya ce zai ƙoƙarta idan abin yana da amfani.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya saka wa Baba da alheri, amma ki ce masa ya dakata tukuna, kada a taɓa gona ko fili sai an gama bincike. Kwas ɗin na gaske ne, sana'ar ma ta gaske ce, sai dai kalmar nan "ƙasa da ƙasa" da ke maƙale a sunansa tana ruɗin ɗalibai da yawa. Suna ɗauka duk wanda ya riƙe wannan takarda zai iya aiki a kowace ƙasa. Alhali aikin jin daɗin jama'a a ƙasashe da dama sana'a ce mai rajista kamar aikin jinya, kowace ƙasa da hukumar da ke cewa wane ya cancanta, wane bai cancanta ba. Darajar digirin a wuri uku take: wace hukuma ce ta amince da shi, awa nawa kika yi kina aiki da mutane a ƙarƙashin ƙwararre, sannan harshe nawa kike iya aiki da shi. Sunan da aka rangaɗa a kan takardar shi ne abu na ƙarshe da mai ɗaukar aiki zai kalla.

Ma'aikacin jin daɗin jama'a shi ne wanda ake samu a ofishin walwala na ƙaramar hukuma, a asibitin koyarwa, a gidan gyaran hali, a gidan marayu da kotun yara, yana tsaye tsakanin mutumin da ya shiga wani hali da hukumomin da ya kamata su agaza masa. Ana ƙara wa aikin "ƙasa da ƙasa" ne idan matsalar ta tsallaka iyaka, ko kuma mai aikin da wanda ake yi wa aikin ba ƙasarsu ɗaya ba: 'yan gudun hijira, 'yan ci-rani, yaran da suka rabu da iyayensu, waɗanda aka yi safararsu, rigimar riƙon yaro tsakanin iyayen da ke ƙasashe biyu. Abin ya daɗe. Tun 1924 aka kafa ƙungiyar ISS a Janeba don bin kadin iyalan da ƙaura ta raba. A 1928 aka yi babban taron Paris wanda ya haifar da ƙungiyar makarantun wannan fanni ta duniya, IASSW, wata Bajamushiya Alice Salomon ce shugabarta ta farko, ƙungiyar ma'aikatan kuma, IFSW, a 1956 ta kafu a Munich. IASSW da IFSW ne suka amince da ma'anar sana'ar da ake aiki da ita yau, a Melbourne a 2014, su ne kuma suka fitar da ma'aunin koyarwa na duniya a 2004 suka sabunta shi a 2020. Amma ba sa ba kowa lasisi. Tasu shawara ce, iko yana hannun ƙasashe.

Gani ya kori ji, don haka ɗauki wannan misali. Yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya daga wani ƙauyen Kance a jihar Damagaram, wanda ƙanwar babarsa ta tafi da shi bara Aljeriya. An kama su, aka raba su a mota, aka sauke shi Assamaka cikin ayarin waɗanda aka koro, ya iso Agadas shi kaɗai. Abu na farko rajista, kuma gwani ba ya tsayawa kan sunan yanka. Zai tambayi lakabin da ake kiransa a gida, sunan uba da kaka, sunan mai gari, ranar da kasuwarsu ke ci, domin yaro yakan manta sunan gunduma amma ba ya manta ranar kasuwa. Sai tantancewa: lafiyarsa, abin da ya same shi a hanya, me shi kansa yake so, kuma shin gida wurin aminci ne a gare shi. Sai a rubuta tsari, wa zai yi me, zuwa yaushe. Sai neman dangi, ta hannun masu gari da ma'aikatar kula da yara da Red Cross. Idan wani ya zo ya ce ɗansa ne, ba a miƙa masa haka kawai. Ana yi wa babban da yaron tambayoyi a wuri daban-daban, wane tabo ke jikinsa, wa ke bi masa, akuya nawa ke gidan, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya, sannan alƙalin yara ya sa hannu. Bayan an mayar da shi sai bibiya, daga ƙarshe a rufe fayil. Matakai shida ke nan, kuma inda aka fi yin tuntuɓe shi ne na biyar. A kai yaro gida, a ɗauki hoto, a rubuta an yi nasara, bayan wata biyu ya sake bin wata motar, saboda ba wanda ya taɓa abin da ya fitar da shi tun farko: bashin da ke kan gidan, rumbun da babu komai, da ɗan kuɗin da ake turo wa uwar daga can. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyoyin agaji ta ce kada ma'aikaci ɗaya ya riƙe fayil fiye da 25 a lokaci guda, mai duba aiki ɗaya kuma kada ya wuce ma'aikata biyar zuwa shida. A filin aiki ana yawan ninka wannan adadi, daga nan bibiya ke mutuwa.

Kwas mai kyau wannan yake shirya ki ki yi. Shekarar farko kusan ɗaya take da ta kwas ɗin da aka saba: ilimin zamantakewa, ilimin halayyar ɗan Adam, yadda yaro ke girma tun daga goyo har balaga, tarihin sana'ar da ɗa'arta, da dabarun tattaunawa. Na ƙarshen nan kada ki raina shi. Ana zaunar da ɗalibai biyu, ɗaya mai matsala ɗaya ma'aikaci, a ɗauke su a bidiyo, a kunna gaban aji a ƙirga sau nawa kika katse mutum, sau nawa kika ba da shawara tun ba ki gama jin zance ba. A shekara ta biyu ake shiga hanyoyin aiki uku, da mutum ɗaya da iyalinsa, da rukuni, da al'umma gaba ɗaya, ga dokoki, ga hanyoyin bincike da ɗan lissafin ƙididdiga. Daga nan ɓangaren ƙasa da ƙasa ke fitowa fili: ƙaura, haƙƙin ɗan Adam, kwatanta tsarin tallafin ƙasashe, agajin gaggawa, tsara aiki, rubuta takardar neman tallafi da kasafin kuɗinta. Shekarar ƙarshe firaktikal ne mai tsawo da kundin bincike.

Dokokin ne ke ba ɗalibai mamaki, don da yawa sun shigo ne da tausayi, ba su san za su haddace sassan yarjejeniyoyi ba. Kuma ba don jarrabawa kaɗai ba ne. Mutum biyu suka gudu daga Gwoza rana ɗaya, ɗaya ya nufi Maiduguri, ɗaya ya haura Kamaru ya ƙare a sansanin Minawao. A Hausa duk 'yan gudun hijira muke ce musu, amma a doka sun sha bamban. Na Minawao yana ƙarƙashin yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 da ƙarinta na 1967, da ta Afirka ta 1969 wadda ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da wanda rikici ya koro ko da ba shi aka nufa a karan kansa ba. Na Maiduguri yana nan a wuyan gwamnatinsa, abin da ya shafe shi shi ne yarjejeniyar Kampala ta 2009. Hukumar da za ki tura kowannensu da haƙƙin da za ki nema masa ba ɗaya ba ne. Haka yarjejeniyar Palermo ta 2000 kan safarar mutane: sai an haɗa abu uku, abin da aka yi, hanyar da aka bi kamar yaudara ko tilas, da manufar ci da gumin mutum. Amma idan yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, ba a buƙatar na tsakiyar, wato ko da yardarsa da ta iyayensa aka tafi da shi, safara ce. A kan wannan tushe aka kafa hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, a Najeriya a 2003, shekarar da aka yi dokar haƙƙin yara ta tarayya, wadda kowace jiha sai ta yi tata kafin ta yi aiki a cikinta.

Akwai wani wuri da ɗalibar da ta taso a gidan Musulmi take da abin da abokan karatunta ba su da shi. Sashe na 20 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ya ambaci kafala da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyaye. Yarjejeniyar Hague ta 1993 kan mayar da ɗan wani naka daga wata ƙasa ba ta shafi kafala ba, ta 1996 ce ta shigar da ita. Ma'aikacin Turai da bai san bambancin riƙo da mayar da ɗa naka ba, wato yaron riƙo yana nan da sunan ubansa da nasabarsa da gadonsa, yakan rikita fayil gaba ɗaya. Ke kuwa kin girma kina ganin 'yar riƙo a ɗakin gwaggo.

Sai dai ki shirya, yawancin littattafan an gina su ne a kan mutum shi kaɗai da zaɓinsa, a ƙasar da gwamnati ke da kuɗin tallafi da gidajen ajiye yara. Ki zo da wannan kai tsaye Funtuwa, ki zaunar da yarinya ki ce ta yanke wa kanta shawara ba tare da baffa da kawu sun sani ba, kin ƙara mata matsala ne, ke kuma an rufe miki ƙofar gidan. A nan aiki yana bi ta hannun mai unguwa, liman, uwar gida, hukumar zakka da waƙafi, wani lokaci Hisba. Gwanintar ita ce ki san lokacin da dangi su ne magani da lokacin da su ne cutar, domin akwai fayil ɗin da kawun da kowa ke cewa a kira shi ne ya aikata abin. Ma'anar 2014 ta sa ilimin gargajiyar al'umma cikin tushen sana'ar, amma jami'o'i sun bambanta ƙwarai wajen ɗaukar wannan da gaske. Ki duba jerin littattafan kwas ɗin, idan babu marubucin Afirka ko na Asiya ko ɗaya, kin san irin "duniyar" da suke nufi.

Yanzu zuciyar maganar, firaktikal. A nan ake gane digiri mai nauyi, kuma a nan hukumomi ke kafa ido. A Ingila kwana 200 ne, yawanci 70 a wuri na farko, 100 a na biyu, 30 kuma na koyon dabaru. A Amurka digirin farko aƙalla awa 400, na biyu awa 900. Kanada awa 700, Ostireliya awa 1,000 a wuri biyu ko fiye. A Jamus ana neman aƙalla kwana 100 kafin jiha ta amince da mutum. Ba yawan awa kaɗai ba, sai ya kasance mai duba ki ƙwararren ma'aikaci ne mai takardar sana'ar, yana zama da ke a kai a kai ku bi fayilolinki ɗaya bayan ɗaya, ya kalle ki kina aiki, ya rubuta rahoto. Kwasa-kwasan "ƙasa da ƙasa" suna alfahari da tura ɗalibai zango guda zuwa waje, kuma a nan ɓarakar take. Sau da yawa ɗalibi ne ke nemo wa kansa wuri ya biya kuɗin jirgi, ya isa wata ƙaramar ƙungiya da babu ƙwararre ko ɗaya, bai jin harshen mutanen, ya ƙare yana koya wa yara waƙa da ɗaukar hoto. Ya dawo da maki cikakke, amma ranar da ya nemi rajista sai a ƙi ƙirga masa waɗannan watanni. Mafi muni shi ne zuwa gidan marayu na ɗan lokaci: yaro ya shaƙu da baƙuwa, bayan wata uku ta tafi, wata ta zo. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu sun fifita dangi da riƙo a cikin iyali, gidan marayu shi ne zaɓin ƙarshe.

Abin da ya faru a Chadi a Oktoban 2007 darasi ne da ya kamata kowane ɗalibin fannin ya sani. An kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a Abeche suna shirin ɗaga yara 103 zuwa Faransa, da sunan marayun Darfur ne. Da hukumomin UNICEF da UNHCR da Red Cross suka bincika, sai ga shi yawancinsu suna da aƙalla mahaifi ko mahaifiya a raye, kuma daga ƙauyukan bakin iyaka na Chadi suke. Kotun Injamena ta yanke wa shida daga cikin 'yan ƙungiyar shekara takwas da aiki mai tsanani. Ki auna wannan da matakan da muka bi kan yaron Kance: babu tantancewa, babu neman dangi, babu alƙali, kuma duk abin da aka gaya musu ta bakin 'yan tsakiya da tafinta ya biyo.

Batun tafinta ma kansa darasi ne. Mace aka yi wa fyaɗe, tafintan da ke kusa ɗan unguwarsu ne. Idan kika yi amfani da shi, ko dai ta yi shiru, ko kafin magariba gari ya ɗauka. Ga shi lokaci yana tafiya, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai cikin awa 72 yake aiki. Ma'aikaciyar da ke jin harshenta ta riga kowa.

To, koma kan batun amincewa, tunda shi ne zai ci kuɗin Baba ko ya tsare shi. A Turai ana auna karatu da makin ECTS, 60 a shekara. A Suwidin, digirin sana'ar da ake kira socionom maki 210 ne, shekara uku da rabi, da harshen ƙasar. Kwas ɗin ƙasa da ƙasa mai maki 180 da ake koyarwa da Turanci, irin wanda Jami'ar Gävle ta yi suna da shi, digiri ne sahihi, amma ba shi ne socionom ba. A Holan, Jami'ar HAN da ke Nijmegen tana da nata na shekara huɗu da Turanci, sai dai wanda zai yi aiki da iyalan Holan dole ya ji harshensu, aikin yara kuma yana da rajistarsa daban. A Jamus akwai kwasa-kwasai masu wannan suna a Coburg da Ludwigsburg, amma da Jamusanci ake yin kaso mai yawa, kuma amincewar jiha tana buƙatar ki ci jarrabawar dokokin Jamus, musamman kundi na takwas na dokar walwala da ya shafi yara da matasa. Dokar nan ba za ta yi miki amfanin komai a Damaturu ba, amma in babu ita ba za ki yi aiki a ofishin kula da yara na Jamus ba. A Ingila sunan sana'ar ma a kulle yake, laifi ne mutum ya kira kansa da shi idan ba ya cikin rajistar Social Work England, hukumar da ta karɓi aikin a Disambar 2019. A Amurka kuwa, digirin farko daga makarantar da CSWE, hukumar kula da koyar da fannin a can, ta tantance yana iya rage miki digiri na biyu daga shekara biyu zuwa ɗaya, lasisi kuma kowace jiha da nata. Saboda haka ana iya gama kwas mai "ƙasa da ƙasa" a ga ba a da izinin aiki a ƙasar da aka yi shi, a dawo gida kuma ba a san dokokin gida ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuɗi kuwa, ki lissafa na shekarun duka, kada ki tsaya kan ta farko. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu sai na zango, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba a jami'o'inta tun 2017. Kafin biza sai an nuna kuɗin zama na shekara a asusun kulle, wanda aka mayar Yuro 11,904 a 2024. Ko sakamakonki na WAEC zai ba ki shiga kai tsaye ko sai kin yi shekarar share fage, wannan ana duba shi ne a rumbun bayanan anabin gwargwadon darussa da makinki. Jamusancin da ake nema na matakin karatun jami'a ne, wanda ya fara daga sifili ya ware masa shekara guda ko fiye. Suwidin ta fara karɓar kuɗi daga ɗaliban waje tun 2011. Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da aikin wucin gadi. Doka ta ba ɗalibi awa 20 a mako a Ingila lokacin karatu, kwana 140 a shekara a Jamus, amma firaktikal ɗin wannan kwas aiki ne na yini cikakke, galibi ba biya, wata huɗu ko biyar a jere. A watannin nan ne kuɗi ke yankewa. Ki kuma tanadi takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda, don ba inda za a bar ki kusa da yara sai da ita.

Burinki na Majalisar Ɗinkin Duniya ba laifi ba ne, amma ki san yadda tsanin yake. Muƙaman da ake yawo da su ƙasa zuwa ƙasa, daga matakin P-2, galibi suna neman digiri na biyu da gogewar shekara biyu, ko digirin farko da ƙarin wasu shekaru biyu a kai. Kusan ba wanda ke shiga nan daga aji. Ƙofar da aka saba bi ita ce ƙungiyar cikin gida a matsayin mai riƙe fayil, daga nan mai duba aiki, sai babbar ƙungiyar waje, sai muƙamin jami'in ƙasa a UNICEF ko UNHCR mai kula da 'yan gudun hijira ko IOM mai kula da ƙaura, ko shirin 'yan sa-kai na UNV. Kuma kasuwar ta tsuke. Tun da Amurka ta dakatar da tallafin waje a Janairun 2025 ta kuma rushe hukumar USAID a cikin shekarar, ƙungiyoyi da yawa sun rage ma'aikata. Wanda ke da takardar da za ta yi masa aiki a asibiti ko ma'aikatar gwamnati ya fi wanda bai da wurin zuwa sai ƙungiyoyin agaji kwanciyar hankali.

A ganina, ga mai niyyar aiki a yankinmu, digirin farko a gida ya fi, a bar tafiya waje sai a digiri na biyu. Can ne ma tallafin karatu yake: Chevening, Commonwealth, DAAD da Erasmus Mundus kusan duk na digiri na biyu ne, Chevening kuma sai da gogewar aiki ta shekara biyu, wato awa 2,800. Ana yin Social Work a Nsukka, Benin, Ilorin, Kalaba da Legas da wasu jami'o'in, shekara huɗu ta JAMB, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Haɗin darussan jarrabawar ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, ki duba kundin JAMB na shekarar, ki kuma tabbatar NUC ta tantance kwas ɗin a wannan jami'ar. A ƙarshen 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar kula da sana'ar a Najeriya, don haka ki zaɓi Social Work ɗin kansa. Ilimin zamantakewa, wato Sociology, ɗan'uwansa ne na jini, amma hukumomin rajista na waje ba sa karɓar sa a madadinsa, saboda babu firaktikal irin wanda suke nema.

Rauninmu a gida shi ne firaktikal ɗin yakan zama jeka-na-yi-ka: a kai takarda ofis, a sa hannu, a koma gida. Wannan ke za ki gyara wa kanki. Ki nemi wurin da ake aiki da gaske, sashen walwalar marasa lafiya na asibitin koyarwa, ma'aikatar mata, ofishin NAPTIP na shiyya, hukumar agajin gaggawa ta jiha, Red Cross. Ki sayi littafi mai kauri, kowace rana ki rubuta kwanan wata, awa nawa, me kika yi, ba tare da sunan kowa ba don sirrin mutane amana ne, mai duba ki ya sa hannu duk mako, a buga hatimi a ƙarshe, ki rubuta takardar karatunsa a ciki. Ki adana bayanin kowane kwas da kika yi da kundin sashenku. Shekara bakwai nan gaba, idan wata hukumar waje ta ce ki kawo hujjar awanninki, malamin ya yi ritaya, fayil ɗin sashe ya ɓace, wannan littafin ne zai tsaya miki. Su hukumomin sukan nemi jarrabawar Turanci ta IELTS mai maki 7 ko da da Turanci kika yi karatu.

Sannan harshe. Hausarki ma jari ce, da ita ake aiki daga Maradi, inda mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka yi ta kwarara tun 2019, har Agadas. Ki ɗora Faransanci a kai tun daga aji ɗaya, a Alliance Française ko a sashen harsuna na jami'arku, domin Nijar, Chadi da Kamaru da shi ake rubuta rahoto, kuma shi da Turanci su ne harsunan aiki na sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan kina jin Barbarci, Fulatanci ko Larabcin Shuwa, ki rubuta su a takardar neman aiki, kada ki ɗauka ba komai ba ne. Darussan ƙasa da ƙasan da kwas ɗin gida bai ba ki ba, da yawansu suna nan kyauta a intanet, a Agora ta UNICEF da Kaya da DisasterReady: kare yara a lokacin rikici, riƙe fayil, da taimakon farko na kwantar da hankali mai matakai uku, duba, saurara, haɗa mutum da inda zai sami taimako.

Wanda tafiya tun digirin farko ta dace da shi shi ne mai niyyar zama ya yi aiki a can, mai kuɗin shekarun duka a hannu, wanda kuma ya shirya koyon harshen ƙasar har ya iya rubuta rahoton kotu da shi. Shi ma kwas ɗin da hukumar ƙasar ta tantance zai nema, ko da sunansa babu "ƙasa da ƙasa".

Idan har yanzu ranki yana kan waccan jami'ar, ki rubuta musu wasiƙa ta imel kafin a biya ko sisi. Ki tambaye su wace hukuma ce ta tantance kwas ɗin, kuma shin wanda ya gama zai iya rajista a ƙasar kai tsaye ko sai ya ƙara wani karatu. Ki tambayi firaktikal kwana nawa ne, wa ke nemo wurin, wa ke biyan kuɗin tafiya, wace takarda mai duba ɗalibi ke riƙe da ita, da kuma ko ɗalibar da ba ta jin harshen ƙasar tana samun wurin da za ta zauna da mutane ido da ido. Ki tambaya ko za su yarda ki yi zangon wajen a Najeriya ko Nijar. Idan amsar ta zo da cewa ɗalibansu suna aiki a ko'ina a duniya amma ba a ambaci sunan hukuma ba, ki buɗe shafin hukumar rajistar ƙasar da kanki, ki nemi sunan kwas ɗin a jerin waɗanda ta amince da su, ki buga shafin a takarda ki kai wa Baba ku duba tare.